Yaron Da Bai Dami Kowa Ba: Nazarin Wani Gidan Kula Da Yara Bayan Tashi Daga Makaranta A Sakkwato

Gidan yana wani lungu a yankin Mabera. Iyakar kwatancen da zan yi ke nan, don mai gidan ta yarda in rubuta abin da ya faru ne bisa sharaɗin kada a gane ta. Yara suna ce mata Gwaggo, iyayensu ma haka, ni ma haka zan kira ta. Malamar firamare ce da ta yi ritaya. Mijinta ya rasu, 'ya'ya sun yi aure sun watse, aka bar ta da ƙaton tsakar gida, da garejin da babu mota a ciki, da itacen dogonyaro biyu. A allon da ke ƙofar gidan an rubuta lesin, amma babu mai cewa zai kai yaro lesin. Gidan Gwaggo ake cewa.

Ni ma malamar makaranta ce, kuma 'yar ƙanwata na cikin yaran da ake kai wa can. Bayan abin da zan ba da labari ya auku, Gwaggo ta roƙe ni in riƙa leƙowa in zauna in duba mata inda take kuskure. Na yi mako shida ina zuwa, sau uku ko huɗu a mako. Abin da ya faru a ranar ban gani da idona ba, na haɗa shi ne daga bakin Gwaggo, da mataimakanta biyu, da uwar yaron, da yaran kansu. Sauran kuwa ganau ce ni.

Abin da ya haifar da gidan

Yinin yaron Sakkwato yana da giɓi a tsakiya. Firamare ana tashi tsakanin ƙarfe 1 da 2 na rana. Islamiyya sai bayan la'asar, kuma da yawa ba a zuwa Alhamis da Juma'a. Uwar da ke aikin jinya a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko take aiki a sakatariya, ko take da shago a babbar kasuwa, ba ta dawowa gida kafin ƙarfe 4. A cikin tsohon gari, wajen Kanwuri ko Ƙofar Rini, wannan ba abin damuwa ba ne: gida babba ne, akwai kaka, akwai matar kawu, yaro ya ajiye jaka ya ci abinci a ɗakin da ya ga dama. Matasan ma'aurata da suka kama haya a Mabera da Arkilla da Bado ba su da wannan gata. Gida ne mai get, kowa ya kulle nasa ya fita.

Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin kabu-kabu da na Keke ya tashi, uwar da a da take sulalewa daga ofis ta ɗauko yaro ta kai gida ta koma ta ga ba za ta iya ba. Daga nan yaran Gwaggo suka yi yawa. Ta fara da 'ya'yan maƙwabta guda bakwai, lokacin da abin ya faru suna 38, daga mai shekara 4 zuwa mai 11. Manya uku ne a kansu: ita, da wata budurwa da ta gama sakandare tana jiran a ɗauke ta kwaleji, da wani saurayi ɗan unguwa mai koya wa manyan lissafi.

Tsarin da ta kafa tsarin aji ne, don shi ta sani. An jera benci a gareji, an kafa allo. Yaro ya iso ya ci abin da aka ƙunso masa cikin minti goma, sai a hau aikin gida da malamai suka bayar, in an gama sai a kwafi abin da aka rubuta a allo. Akwai hutu guda ƙarfe 2 da rabi, lokacin ne ake raba fiya wata a je makewayi. Akwai mai rubuta sunan masu surutu. Akwai dorina rataye a ƙusa kusa da allo. Gwaggo ta ce da wuya take taɓa ta, kuma na yarda da ita, amma yara ba su san da wuya ba, sun dai san tana nan. Iyaye suna yabon wurin ƙwarai. Yabon da aka fi yi shi ne, in ka wuce ta ƙofar gidan ba za ka san akwai yara a ciki ba.

Ranar

Farkon watan Mayu ne, kafin ruwan farko, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40 kuma iska ba ta motsi. Garejin rufin kwano ne babu silin, taga ɗaya, fanka ɗaya, ranar kuma babu wuta. Wani yaro mai shekara 6, ɗan aji ɗaya, ɗan kabu-kabun da aka yi jinga da shi ya sauke shi wajen ƙarfe 1 da rabi. Gorar ruwansa ta ƙare tun a makaranta. Bai ci abincinsa ba, babu kuma wanda ya lura, don kowane yaro kwanonsa a kan cinyarsa yake, in lokaci ya cika a rufe a mayar jaka.

Ya nemi ruwa sau ɗaya. Budurwar ta ce ya jira hutu. Ba mugunta ba ce, doka ce, kuma dokar tana da dalili: makewayi ɗaya ne a gidan, in aka bar yara suna shan ruwa yadda suka so sai layi ya ƙi ƙarewa, karatu ya tsaya. Da hutun ya zo, jaka biyu na fiya wata da ake saye kullum ba su kai ba, don manyan yara sun riga sun ɗauki bibbiyu. Aka aiki saurayin ya ƙaro. Kafin ya dawo yaron ya kifa kai a benci. Budurwar ta gan shi, ta ɗauka barci ne, har ta ji tausayinsa ta hana a tashe shi.

Yarinyar da ke kusa da shi, mai shekara 7, ta ga ya yi ɗan amai a ƙarƙashin benci. Ba ta faɗa ba. Da na tambaye ta daga baya, a hankali, muna zaune muna ɓare gyaɗa, sai ta ce sau biyu an rubuta sunanta cikin masu surutu a ranar, in an rubuta na uku dorina ce.

Sai wajen ƙarfe 3 da wani abu, da aka ce a tashi a yi alwala, aka ga bai tashi ba. Gwaggo ta ɗago shi, jiki kamar garwashi, leɓe a bushe, ana kiran sunansa yana amsawa da ƙyar. Allah ya taimaka akwai wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya a gida na uku. Ta zo ta sa aka fito da shi ƙarƙashin dogonyaro, aka cire masa rigar makaranta, aka jiƙa zane ana shafa masa ana fifita. Abu na farko da ta gwada shi ne ta sunkuyar da kansa ta ga ko haɓarsa za ta taɓa ƙirji. Duk wanda ya ga sanƙarau na 1996, ko na 2017 da ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato, ya san abin da take tsoro, ga shi kuma lokacin cutar ne. Wuya ya lanƙwasu. Da ta ga yana iya haɗiya sai ta riƙa ba shi ruwa kurɓi-kurɓi, ta ce a nemo Keke, wannan ba na gida ba ne.

Nan aka sake cin wani tuntuɓe. Lambar uwar tana cikin wayar budurwar, wayar kuma babu caji. Babu littafin da aka rubuta lambobin iyaye. Sai da aka aika gidan kakarsa a Tudun Wada kafin aka samu uban. A asibiti aka ce zafi ne da ƙarancin ruwa a jiki, a kan zazzaɓin da ya kwana da shi. Uwar ta ba shi farasitamol da safe, ta ga ya warware, ta tura shi makaranta, ba ta gaya wa kowa ba. Aka yi masa ƙarin ruwa, ya kwana ɗaya, aka sallame shi.

Laifin wa?

Unguwa ta yanke hukunci tun kafin a sallamo yaron: budurwar ce. Wasu suka ce a kore ta. Ita kanta ta yi kwana biyu ba ta zo ba, don kunya da kuka. Ban yarda da wannan hukunci ba, na kuma gaya wa Gwaggo. Yarinyar ba ta karya doka ko ɗaya ba. Hana ruwa kafin hutu doka ce, barin mai barci ya yi barcinsa ba laifi ba ne, lura da wanda ya ci abinci da wanda bai ci ba kuwa ba a taɓa ce mata aikinta ne ba. Da an kore ta an kawo wata, ita ma haka za ta yi.

Maganar ɗaki da ruwa a fili take, ba ta buƙatar dogon bayani. Yara 38 a ƙarƙashin kwano da tsakar ranar bazara, da ruwan da ake ƙidayawa, ko babu mai zazzaɓi cikinsu wata rana sai wani ya faɗi. Yaro ƙarami ba ya jure ƙishi kamar babba, kuma sau da yawa ba ya iya cewa jiri nake ji, sai dai ya yi laƙwas.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne shirun nan da ake yabo. A wurin da aikin yaro shi ne ya zauna bai motsa ba, mara lafiya da mai ladabi kamarsu ɗaya. Yaron nan ya yi kusan awa ɗaya cikin hatsari a gaban manya uku, kuma a ma'aunin gidan shi ne ya fi kowa kyautatawa a ranar: bai yi surutu ba, bai tashi ba, bai dami kowa ba. Da a ce yaran suna tsakar gida suna carafke da ɓuya, wanda ya koma gefe ya kwanta zai fita daban nan take, ko babba bai gani ba abokan wasansa za su zo su ja shi, in ya ƙi tashi su yi ta kwala kira. Iyayenmu mata ba su da ma'aunin zafi, amma da sun ga yaro ya bar wasa ya zo ya raɓe jikin zane sai su kai hannu goshinsa. Gidan Gwaggo ya hana wasa, ya kuma hana magana, sai ya rasa hanyoyi biyu da ake gane yaro ba lafiya. Ga yarinyar da ta ga amai da idonta, tsoron dorina ya rufe mata baki.

Uwar ma tana da nata kason, amma ban ga amfanin ɗora mata ba. Babu wanda ya taɓa tambayarta. Yaro ɗan kabu-kabu ke kawowa, wata rana ƙanen uba ke ɗauka, sai a yi sati iyaye da Gwaggo ba su haɗu ba.

Abin da aka sauya

Gwaggo ba ta da kuɗin gyaran gini. Abin da iyaye ke biya a wata bai fi cefanen kwana biyu ba, wasu ma sai an bi su. Don haka aka fara da abin da aljihu zai ɗauka. Aka kafa rumfar zana tsakanin itatuwan biyu, aka shimfiɗa tabarmi, garejin ya koma wurin ajiye jaka har sai damina ta sauka. Aka sayo randa biyu masu murfi, mai ruwa yana cika su da safe, ana zuba maganin tsabtace ruwa, moɗa ɗaya ta ɗiba wadda ba a kai ta baki, kowane yaro da kofinsa. Dokar jiran hutu ta mutu. Aka sami littafi mai bango aka rubuta sunan kowane yaro, da lamba biyu, da sunan waɗanda aka yarda su ɗauke shi, da ciwon da yake da shi in akwai. A nan ne aka gano akwai mai sikila guda biyu da mai asma ɗaya, Gwaggo ba ta taɓa sani ba. Mai sikila kuwa ƙishi kaɗai kan iya tayar masa da ciwo. Ma'aikaciyar jinyar ta koya wa manyan uku haɗa ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, ta kuma lissafa musu alamomin da in an gani ba a jira: yaro ya rikice, ko ya suma, ko ya yi jijjiga, ko wuya ya sandare.

Awa ta farko yanzu ta ci da sha da kwanciya ce. Ana cin abinci a da'ira, kwano a buɗe a gaba, babba yana zagayawa. Bayan nan aikin gida, bai wuce minti 40 ba. Kwafar allo an daina. Sauran lokacin wasa ne.

Kada mai karatu ya ɗauka an saki yara su yi ta gudu da ƙarfe 3 na ranar Mayu. Wannan ai wani hatsarin ne. Kafin la'asar wasan zaune ake yi a inuwa. Mata suna carafke, ana jefa dutse sama a kwashi na ƙasa a cafe kafin ya faɗi. Maza da yawa sun koma ƙera mota da karan dawa da gwangwanin madara, tayoyin kuma a yanka daga tsohon silifas. Dara ta ba mu dariya, don saurayin mai koyar da lissafi bai iya ba, sai wani dattijo mai sayar da goro a bakin lungu ne ya shigo ya tona musu ramuka 30, layi 5 a jere shida-shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, ya nuna musu yadda in ka jera uku kake cin na abokin karawa. Cikin mako biyu wani ɗan aji uku da ake cewa ba ya gane lissafi ya fara cinye malaminsa. Ba zan ce dara ta koya masa lissafi ba, ban auna ba. Abin da na gani shi ne yaron da ke ɓoye fuska in an kira shi allo yanzu yana hango motsi biyu a gaba yana dariya.

Bayan la'asar, in inuwar katanga ta rufe tsakar gida, waɗanda ba su tafi Islamiyya ba, da kowa da kowa ranar Alhamis, su ke da fili. Maza su kama ƙafa ɗaya ta baya su yi langa, ana kare ruwa har ya sha. Mata su zana 'yar gala-gala a ƙasa, ko su kafa gaɗa. Abin ya ba ni mamaki da baƙin ciki tare: a cikin 'yan mata goma sha wani abu, uku kaɗai suka san waƙar gaɗa ko ɗaya daga farko har ƙarshe, su ma waɗanda ake kai wa ƙauye hutu ne. Gwaggo da kanta ta ɗaura ɗankwali a ƙugu ta shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki sosai kowace rana. Yaron da ya fita boko da safe, ya zauna lesin, ya wuce Islamiyya, ya dawo magariba ya shiga gida mai get, ban san inda zai samo su ba in ba a irin wannan tsakar gida ba.

Abubuwa biyu na gani da ban so ba, na kuma faɗa. Na farko, in yara ƙanana sun fara rigima sai budurwar ta kunna musu katun a wayarta, su taru su yi tsit. Wannan tsohon shirun ne ya sake riga. Na biyu ya fi wuyar gyara, don kowa yana ganinsa daidai ne: 'yan mata masu shekara 10 da 11 su ake sa wa goyon ƙanana, da share tabarma, da wanke kofuna, maza tsararrakinsu suna can suna dara. Koyon aiki ba laifi ba ne, amma iyayen yarinyar nan kuɗi suka biya kamar na kowa, ba 'yar aiki suka kawo ba. Aka raba shara da wanke-wanke bi da bi har da maza. Goyon kuwa har na daina zuwa ban ga an bari ba.

Langa ta kawo nata. Gwiwa ta ƙuje sau da dama, an yi faɗa biyu, an fasa wa wani leɓe. Aka tanadi auduga da filasta da maganin wanke ciwo a wani tsohon kwanon biskit. Gwaggo ta so ta hana langa bayan fashewar leɓen, na ce ta bari a share tsakuwa daga filin a raba manya da ƙanana tukuna. Aka yi haka, abin ya ragu.

Taron iyaye

A mako na uku koke ya fara. Yara suna komawa gida da ƙura, littafin lesin babu sabon rubutu. Gwaggo ta kira taro ranar Asabar da hantsi, mata a tabarma, maza a benci bakin zaure. Wani uba, ma'aikacin gwamnati, shi ya fara:

"Gwaggo, ki yi haƙuri da abin da za ni hwaɗi. Ni kuɗi nika biya don yaro shi yi karatu. In langa ta, ai ga titi nan kyauta. Da munka kawo su nan shiru a kai, yanzu tun daga bakin lungu kana jin ihu."

Gwaggo ta ce, "Alhaji, gaskiyarka. Amma shirun nan da kaka so, cikinai munka kusa rasa ɗan mutane. Ni ihun nan shi ka sa in yi barci yanzu."

Na yi ƙoƙarin kawo doka. Na ce Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, a sashe na 31 ta ce hutu da wasa haƙƙin yaro ne, kuma jihar Sakkwato ta yi nata dokar kare yara a 2021. Babu wanda ya ko gyaɗa kai. Wani malamin Islamiyya da jikarsa ke zuwa gidan shi ya juya taron. Ya tuna musu Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawaita sujada don jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa wasa ba, kuma Nana A'isha tana da 'yan tsana da ƙawayen da ke zuwa wasa, bai hana ba. Ya ce wanda aka ba amanar yaro, ransa aka fara ba shi kafin littafinsa. Wuri ya yi tsit na ɗan lokaci.

Maganar da ta fi nauyi a wurina wata uwa ce ta yi, mai sayar da kayan miya, kuma ba ta goyi bayanmu ba. Ta ce ajin 'yarta a makaranta ya cika maƙil, malami ba ya sanin sunan rabinsu, yarinya tana aji huɗu ba ta iya karanta wasiƙa ba. Ita ba ta yi boko ba, ba za ta iya koya mata a gida ba. Awa biyun nan na gidan Gwaggo su ne kaɗai damar da 'yarta ke da ita, yanzu an mayar da su gaɗa. Ba ni da amsar da zan ba ta a take, don gaskiya ta faɗa. Abin da kawai na iya nuna mata shi ne littafin 'yar tata na da: shafi bayan shafi na Turanci da aka kwafo daga allo da rubutu mai kyau, na ce yarinyar ta karanta layi ɗaya, ta kasa. Littafi ya cika, kai bai ɗauki komai ba. Daga wannan maganar aka fito da wani tsari: yayin da saura ke wasa, Gwaggo ta ɗauki yara biyar-biyar na minti 15, a yi karatu da Hausa baƙi da wasali, kowa ya karanta da bakinsa ta ji. Wasu yaran suna da littattafan shirin Mu Karanta da aka raba a firamaren Sakkwato da Bauchi, da su aka fara. Matar ta bar 'yarta. Gida uku kuwa sun cire nasu, ciki har da Alhajin, suka kai wani lesin da ke da benci da allo. Uwar yaron da ya faɗi ta dawo da shi bayan sati biyu.

A mako na biyar wata yarinya da kullum ita ke ba da waƙa ta ce yau ba ta yi, ta je ta jingina da randa. Ba a yi minti biyar ba ƙawayenta suka faɗa, budurwar ta taɓa goshinta, ta buɗe littafi mai bango ta kira uwar da wayar Gwaggo. Zazzaɓi ne, an kai ta asibitin unguwa tun kafin la'asar. Sau ɗaya ne, ba hujja ba ce babba, amma budurwar ta yini fuskarta a sake.

Abin da ya rage

Manya uku a kan yara 35 sun yi kaɗan, musamman da yake akwai 'yan shekara 4 a ciki, kuma in an aiki ɗaya saura biyu. Budurwar ta samu gurbi a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, za ta tafi, wadda za ta gaje ta sai an sake koya mata komai daga farko, a kan albashin da ba ya riƙe kowa. Tun da aka buɗe gidan babu wani jami'i da ya taɓa leƙowa ya ga ina yara ke zama ko me suke sha, kuma ire-irensa suna nan a lunguna da yawa. Da damina ta sauka rumfar zana ba ta tare ruwa, dole a koma gareji, ga kwatamin da ke bayan katanga yana tara sauro. An daina rubuta sunan masu surutu, amma dorina tana nan a ƙusarta. Gwaggo ta ce ba za ta yi duka ba, sauke ta ne dai ba ta shirya ba, iyaye za su ce ta saki yara gaba ɗaya.

Makewayi har yanzu ɗaya ne, maza da mata, ga shi yanzu ana shan ruwa sosai, layi ya fi na da tsawo. Wani daga cikin iyayen ya kawo gudummawar bulo, an jibge su a kusurwar gida ana jiran kuɗin siminti da na magini. Ranar ƙarshe da na je na tarar 'yan aji ɗaya sun jera bulon sun yi shago, yaron nan shi ne mai kanti, yana auna yashi da murfin gora yana karɓar ganyen dogonyaro. Gwaggo ta ce magini ya yi alkawarin zuwa ya duba wurin bayan Juma'a.